Tebur mai ƙafa uku: yadda na koya wa yara sakin layi da zane

Shekarar da aka fara ba ni aji biyar, na sa yara su rubuta insha'i a kan dabbar da suka fi so. Da na tattara littattafai, wasu layi biyu suka yi suka tsaya, wasu kuma sun cika shafi da jimla guda wadda "kuma" ke riƙe da ita tun daga sama har ƙasa. Abin da ya ɗaure mini kai, yaron da ya yi layi biyun nan, in ka tambaye shi labarin kyanwarsu da baki, sai kai ne za ka ce ya isa haka. Ashe yana da abin faɗa, aikin ne ya haɗe masa wuri guda: yana neman abin da zai ce, yana tunanin wanne zai gabata, yana fama da ƙa'idar rubutu, duk a numfashi ɗaya. Sai na yanke shawarar raba masa aikin, tunani daban, rubutu daban.

Na fara da zanen da yaran suka sa wa suna gizo-gizo. Da'ira a tsakiyar allo, a cikinta taken insha'in, sannan layuka suna fita ta ko'ina, kowane layi da abu guda a bakinsa. Wannan ita ce taswirar tunani da Tony Buzan, ɗan Ingila, ya yaɗa a shekarun 1970. Wajen zazzago abin da ke cikin kai tana da kyau ƙwarai. Wata yarinya sai da gizonta ya yi ƙafa goma sha huɗu. Amma gizo ba shi da farko ba shi da ƙarshe, kuma haka insha'inta ya fito, daga launin kyanwa ta faɗa kama ɓera, ta koma launi, ta wuce barci. Daga nan na ƙara mataki: bayan an gama gizon, kowa ya zagaye ƙafa uku da ya fi iya magana a kai, ya sa musu lamba 1, 2, 3. Sauran a bar su. Barin nan ya fi komai yi musu wuya, don yaro gani yake duk abin da ya tuno hakkinsa ne ya shiga takarda.

Sakin layi kuwa, tebur na zana musu. Saman teburin shi ne babbar jimla, wadda ke faɗin abin da sakin layin zai yi magana a kai. Ƙafafuwa uku su ne dalilai ko misalan da ke ɗauke da ita. Na rubuta a sama: "Kare yana da amfani a gida." Suka kawo ƙafafuwa: yana gadi, yana jin motsin da mutum ba ya ji, yana raka mai shi. Sai wani ya ce, "Malam, karen maƙwabtanmu baƙi ne." Na tambaye su, wannan ƙafar tana ɗauke da teburin? Aka yi shiru, sannan wata ta ce, "Ta wani teburin ce." Tun daga ranar maganar ta zauna a ajin. In na ga jimlar da ta kauce, ba na dogon bayani da jan biro, sai in rubuta a gefe: ƙafar wane tebur ce wannan?

Don kwatanta abu biyu na yi amfani da da'irori biyu masu shiga juna, zanen da John Venn, wani masani ɗan Ingila, ya fitar a 1880 don ilimin manɗiƙi, wato ilimin tsara hujja. Kare a hagu, kyanwa a dama, abin da suka yi tarayya a tsakiya. Sakin layi uku ne ke fitowa da kansu. Labari kuma kibiyoyi ne a jere, daga abin da ya fara faruwa zuwa na ƙarshe.

Kuskurena ya zo ne lokacin da na ga abin yana tafiya. Na buga teburin a takarda, na yi kwafi da yawa, na riƙa rabawa kowane mako. Yara suka koma rubuta cikakkun jimloli a cikin akwatunan, sannan su kwashe su zuwa littafi ba tare da canza ko harafi ba. Insha'in ya yi tsari, amma ya bushe. Littafi bayan littafi, salon ɗaya ne: "na farko", "na biyu", "na uku", "a ƙarshe". Kai ka ce mutum ɗaya ne ya rubuta su duka. Har yaron nan mai kyanwa, wanda bakinsa ke cike da labari, ya zama mai cike fom.

Gyara biyu na yi. Na hana a sa fiye da kalma huɗu a akwati, don dole a ƙirƙiro jimlar a lokacin rubutu. Sannan na sa wani mataki tsakanin zane da littafi: kowa ya juya ga na kusa da shi, ya ɗora yatsa a kan zanensa, ya faɗi sakin layin da baki. A nan ne kalmomin da ke ɗinke magana suke fitowa, irin su "saboda", "duk da haka", "shi ya sa", waɗanda babu akwatin da ke ɗauke da su. Ajin kan cika da surutu na minti biyar, kuma malamin ajin da ke maƙwabtaka da mu ya sha leƙowa, amma rubutun da ke biyo baya ya fi kama da maganar mutum.

Abin da ya sa na daina raba takardun gaba ɗaya kuwa, wani yaro ne da ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ina da dalili na huɗu, amma ƙafa ta ƙare." Na tambaye shi me ya yi da dalilin. Ya ce ya jefar. Da na ji dalilin, ya fi ukun da ya rubuta ƙarfi. Na ce ya ƙara wa teburin ƙafa, ya dube ni kamar na ba shi izinin karya doka.

Daga zangon da ya biyo baya, farar takarda nake ba su, kowa ya zana abin da ya dace da aikinsa. Wasu suna zana teburin, wasu kalmomi uku kawai suke jerawa a gefen shafi. Akwai yarinya guda da ta fi rubutu mai kyau in ta fara zuba komai, sannan ta zana teburin daga baya don ta ga inda ta kauce, na kuma bar ta a haka. A jarrabawar ƙarshen shekara, inda ba wanda ya ce su zana komai, na ga ɗan ƙaramin tebur da fensir a kusurwar takardar yaron nan mai dalili na huɗu. Ƙafarsa biyar, ya soke ɗaya.