Yadda na canza shakazoban baya na a-kori-kura

Bayan motar ne ya fara lilo. In na haye tudun rage gudu babu kaya, sai ya yi sama ya yi ƙasa sau uku ko huɗu kafin ya nutsu, a kan gargada kuma sai in ji yana zamewa gefe kamar tayoyin ba sa taka ƙasa sosai. Da na shafa tayoyin baya da tafin hannu sai na ji cinsu ba ɗaya ba ne, nan ya lotsa can ya taso, haka har na zagaye tayar. Na leƙa ƙarƙashi da tocila, na tarar shakazoban hagu ya jiƙe sharkaf da mai tun daga bakin sil, wato robar da ke hana mai fita, har ƙasa, ƙura ta manne masa ta zama baƙin caɓi. Ɗan danshin mai a bakin sil ba laifi ba ne, sandar da ke shiga da fita cikin shakazoban ce ke fitowa da shi. Amma in ya kai ga gangarowa a jiki, shakazoban ya gama aiki.

Akwai abin da ya kamata a rarrabe tun kafin a sayi komai. Shakazoba irin wanda aka saba ba ya ɗaukar nauyin mota, sifirin mai falle-falle ne ke ɗauka. Aikinsa kawai ya kashe lilon sifirin: fistin da ke cikinsa yana tura mai ta wasu ƙananan bawul, man yana turjewa, motsin ya koma zafi ya baje. Saboda haka in bayan mota ya zauna ƙasa, ko ɓangare ɗaya ya karkata, sifirin za a duba, domin sabon shakazoba ba zai ɗaga shi ba. Gwajin nan na danna bayan mota a saki a ga lilonta ma bai cika faɗin gaskiya a kan a-kori-kura ba, saboda sifirinta yana da tauri, nauyin mutum ɗaya ba ya motsa shi yadda ya kamata.

Biyu na saya ko da yake ɗaya ne ke zubar da mai. In aka haɗa sabo da tsoho a aksil ɗaya, gefe guda zai riƙe gefe guda ya saki, kuma a kwana ko wajen taka birki da ƙarfi ake jin illar. Na duba lambar kowane gefe daban, domin a-kori-kura da yawa shakazobansu ɗaya yana gaban aksil ne ɗaya yana bayansa, don hana aksil murɗewa lokacin tashi da kaya, kuma a wasu motocin na hagu da na dama ba tsawonsu ɗaya ba. Motar da aka ƙara wa tsayi kuwa sai an nemo mata mai tsawon da ya dace da ƙarin, in ba haka ba shakazoban zai riƙa miƙewa har ƙarshe yana fizgar mazauninsa.

Tun da daddare na goge bakin kowane bol da burushin ƙarfe, na fesa masa man sassauta tsatsa, da safe na ƙara. Wannan mintuna 10 ɗin su suka fi komai rage mini wahala. Kayan aikin ba su da yawa: jak, madogarar ƙarfe 2, weji, soket da sifana masu lamba 17, 19 da 21, doguwar sandar juya soket, guduma, zarton ƙarfe, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Na bar salansa ta huce, domin shakazoban gefe ɗaya dab da ita yake. Na kuma sauke safaya taya. Ba dole ba ne, amma da ta fita sai bol ɗin sama ya bayyana a fili, hannu ya samu wurin juyawa.

Na ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri, na sa weji gaba da bayan tayoyin gaba. Birkin hannu tayoyin baya yake riƙewa, da zarar sun bar ƙasa ba shi da sauran amfani. Na ɗaga ta, na ɗora shasi a kan madogarai, na girgiza ta da ƙarfi na tabbatar ta zauna. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko da na minti ɗaya ne. Daga nan na mayar da jak ɗin ƙarƙashin aksil, na ɗaga har ya ɗan karɓi nauyinsa. Dalili shi ne, idan aksil yana reto, sau da yawa shakazoban ne ke tsayar da shi. Ka zare bol ba tare da tokara ba, aksil ya sauka bagatatan, ya ja tiyon birki da wayar ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki. Bol ɗin ma ba zai zaru da daɗi ba muddin nauyi na kansa.

Gefe ɗaya na fara, na bar ɗayan a haɗe don ya zame mini abin dubawa. Bol ɗin ƙasa na dama ya kwance ba gardama. Na ɗan yi wasa da jak sama da ƙasa har na ji bol ɗin ya saki a cikin raminsa, na zare shi da yatsu. Na hagu ne ya ba ni aiki. Notin ya fita, amma bol ɗin ko gezau, domin tsatsa ta haɗe shi da ɗan bututun ƙarfen da ke tsakiyar robar bushin. In na juya shi sai robar ta murɗe ta dawo da shi inda yake. Na mayar da notin har ya yi daidai da bakin bol don kada zaren ya lalace, na buga da guduma, shiru. Ban sa wuta ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya sa: a cikin shakazoba akwai mai da iskar naitirojin a matse, ga tankin mai a kusa. Zarto na saka tsakanin idon shakazoban da kunnen mazauninsa, na yanke bol ɗin ta gefe biyu. Ya ci mini kusan minti 40. Da na nemi madadinsa na duba lambar ƙarfi da ke kan tsohon bol ɗin, 10.9, na sayi mai irin wannan lambar. Mai 8.8 zai shiga ramin daidai, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Da tsohon shakazoban ya fito na danna shi da hannu ɗaya, ya shige ba wata turjiya, bai kuma dawo ba. Na jera shi da sabon a ƙasa, na gwada tsawonsu a miƙe da a matse, na gwada faɗin idon da girman ramin bol. Sai na tsayar da sabon, sandar tana sama, na danna shi na sake shi sau 4 ko 5 har na ji turjiyar ta daidaita daga farko zuwa ƙarshe. Shakazoba mai bututu biyu, wato ɗaya cikin ɗaya, in ya daɗe a kwance cikin kwali iska kan shiga inda mai ya kamata ya kasance, wannan dannawar ce ke mayar da ita wurinta. Shi ya sa ma ba a juya irinsa kai ƙasa wajen ɗaurawa, murfin ƙura a sama yake zama. Mai bututu ɗaya bai damu da wannan ba. Wanda ya zo ɗaure da ɗamara kuwa, gara a bar ɗamarar sai an rataye shi ta sama, sannan a yanke, a bi idon ƙasa da hannu yana miƙewa a hankali har ya zo daidai ramin a cusa bol. In ya wuce, ba sai an yi kokawa da shi ba, jak ɗin da ke ƙarƙashin aksil zai kawo ramin inda ake so.

Kada filaya ta taɓa sandar nan mai ƙyalli. Ƙarzanen da ido ma bai cika gani ba zai riƙa yankar sil duk shiga da fita, cikin ɗan lokaci sabon ya fara yoyo. A motocin da saman shakazoban noti ne a kan sanda, akwai wuri a tsininta da aka fafe don ƙaramar sifana ta riƙe. Irin wannan ana jera washa da roba yadda aka tarar da na tsohon, a ɗaure har robar ta kumburo daidai da faɗin washa, a tsaya nan.

Na shafa ɗan giris a jikin bol ɗin, inda zai zauna cikin bututun bushin, don mai kwancewa nan gaba kada ya sha abin da na sha. Zaren ban shafa masa ba, domin maiƙo a zare yana sa ɗauri ya zarce abin da sifana ta nuna.

Wurin da na fi so a kula shi ne ɗaurin ƙarshe, domin a nan na taɓa yin kuskure. A wani aikin da ya gabata na ɗaure komai tamau aksil yana reto, sannan na sauke motar. Ba a jima ba ƙwanƙwasa ta dawo, da na duba na ga robar bushin ta tsage a zagaye. Abin da ke faruwa shi ne, bol yana matse bututun tsakiya ya hana shi juyawa, duk motsin da za a yi robar ce ke murɗewa ta karɓe shi. In aka ɗaure aksil yana ƙasa, da an sauke mota kusurwar shakazoban ta canza, robar ta zauna a murɗe dare da rana tun ba a je ko'ina ba, kowane rami kuma ya ƙara mata. A wannan karon na ɗaure da hannu kawai, na sauke motar a kan tayoyinta, na girgiza bayanta sau biyu ta zauna a tsayinta na kullum, sannan na kwanta na shiga da sifana mai awo. Adadin ɗaurin a littafin motar yake, a ma'aunin ƙarfin ɗauri da ake kira Nm, kuma na sama da na ƙasa sukan bambanta. Don a san inda aka dosa, bol M12, wato mai kaurin milimita 12, mai lamba 8.8 a teburin gama-gari yana wajen Nm 80 zuwa 90, amma abin da littafin ya ce shi ake bi. Noti mai roba a ciki da aka taɓa kwancewa ban mayar da shi ba, sabo na sa.

Kafin in fito na bi tiyon birki da wayar ABS da ido na ga babu inda suke gogar sabon shakazoban, na duba tazararsa da salansa, na mayar da safaya. Na fita gwaji a hankali, gilashi a sauke ina saurare, na bi ta kan tudun nan da ya fara tona matsalar. Bayan ya hau ya sauka sau ɗaya ya tsaya. Kwanakin farko motar ta yi mini kamar ta yi tauri, amma jikina ne ya saba da lilon tsohon. Bayan na yi kimanin kilomita 100 na sake shiga na bi bol huɗun da sifana, babu wanda ya motsa. Tayoyin da suka riga suka lotsa ba su gyaru ba, gurnaninsu yana nan har na canza su. Tsofaffin shakazoban kuma na ware su daga sharar da ake ƙonawa, saboda iskar da ke matse a cikinsu na iya fashewa a wuta.