Yadda Muka Yi Wasan Othello Ta Saƙon Murya A Lokacin Kulle

Lokacin da aka rufe makarantun Najeriya a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, ni da ɗalibaina na ajin ƙarshe na sakandare a Kaduna mun tsaya ne a tsakiyar Othello, wasan William Shakespeare da hukumar WAEC ta sanya a manhajar adabin Ingilishi daga 2016 zuwa 2020. Na daɗe da yarda cewa wanda ya karanta wasan kwaikwayo bai taɓa furta shi da bakinsa ba, rabinsa kawai ya sani, don haka rufewar ta dame ni ƙwarai.

Da farko mun gwada haɗuwa ta Zoom, amma ba mu yi mako guda ba muka haƙura, domin kuɗin data ya fi ƙarfin yawancin iyaye, kuma wayar da yaro ke amfani da ita ta mahaifinsa ce ko ta yayarsa, ba ta zuwa hannunsa sai bayan sallar isha'i. Sai muka koma WhatsApp. Na raba wa kowa rawar da zai taka, kowane ɗalibi ya naɗi maganarsa a saƙon murya ya turo, ni kuma in jera saƙonnin a kwamfuta bisa tsarin fitowa, in mayar musu su saurara.

Abin da ban zata ba shi ne yadda rashin dandamali ya buɗe mana wasan. Othello labari ne na kunne tun daga tushensa. Jarumin ya sami zuciyar Desdemona ne da labaran yaƙe-yaƙe da wahalhalun da ya sha, waɗanda take zama tana saurara a gidan mahaifinta Brabantio a birnin Benis, kuma ta kunnen ne Iago, ɗaya daga cikin hafsoshin Othello, ya bi ya rushe auren bayan sun isa tsibirin Saifurus. A fitowa ta uku ta kashi na uku, Iago ba ya fara zargin Desdemona kai tsaye. Yana maimaita kalmar da Othello ya faɗa, ya yi shiru, ya nuna kamar akwai abin da yake jin nauyin furtawa, har sai Othello da kansa ya matsa masa ya faɗi. Duk wanda ya taɓa zama da annamimi ya san wannan salo.

Yaron da ya fito a matsayin Iago ya turo nasa saƙon wajen ƙarfe ɗaya na dare, tare da ban haƙuri: "Malam, a gafarce ni, muryar ta yi ƙasa, ƙannena suna barci a ɗakin, shi ya sa na yi da raɗa." Na sa wayar a kunne na saurara, tsigar jikina ta tashi. Shekara da shekaru ina kallon ɗalibai suna yin Iago a gaban allo da ɗaga murya da zare ido, kamar mugun da kowa ke ganewa daga nesa, alhali kowa a cikin wasan yana kiransa mai gaskiya. Raɗar nan ta dole ita ce ta nuna wa ajin dalilin da ya sa janar mai hankali irin Othello ya yarda da shi. Na hana shi sake naɗa.

Hankicin Desdemona ne ya fi ba mu tunani, tun da a kansa makircin ya rataya, ga shi kuma ba mai ganinsa a saƙon murya. Wata ɗaliba ce ta lura cewa Emilia, matar Iago, tana faɗi da bakinta cewa ta tsince shi, ta kuma ambaci cewa shi ne kyautar farko da Othello ya ba matarsa. Daga nan muka fahimci cewa marubucin ya saba saka wa masu wasa bayanin wuri da lokaci da kaya a baki, saboda dandamalin zamaninsa ba shi da kayan ado masu yawa. Na kuma gaya musu cewa annoba ta rufe gidajen wasan Landan a 1603, kafin a nuna Othello a fadar Sarki James a ranar 1 ga Nuwamba, 1604, abin da ya sa suka ji wasan ya matso kusa da su.

Akwai abin da har yau yake ci mini rai. Wasu daga cikin ɗalibaina ba su da babbar waya a gidansu ko kaɗan, darussan rediyo da gwamnatin jiha ta shirya ne kaɗai suka isa gare su, kuma a cikinsu akwai yarinyar da na tanadar wa rawar Emilia tun farkon zango. Da aka buɗe wa azuzuwan ƙarshe a ranar 10 ga Agusta, saura mako guda a fara jarrabawa ranar 17, na kunna musu naɗin gaba ɗaya a aji, kowa da takunkumi a fuska, kujeru nesa da juna. Da muka kai kashi na biyar, inda Emilia ke tona asirin mijinta, na tsayar da na'urar, na miƙa wa yarinyar littafin, ta miƙe ta karanta da kanta.