Ranar da muka leƙa bakin Auduga

Asabar, Bukuru.

Daren jiya ban yi barcin kirki ba, kuma ɗan kwikwiyon nan, Auduga, shi ne sila. Makonni biyu ke nan da na kawo wa Mama shi, amma duk zuwan da na yi sai in ga kamar hura shi ake yi. Jiya da yamma na ɗauko sikelin rataya da ƙanena yake auna kajinsa, na saka Auduga a bokiti na rataya, na cire nauyin bokitin. Kilo 3 cif. Wanda ya sayar mini ya ce makonsa 8, ke nan yanzu 10. Sai na bi wani lissafi da na gani a intanet na gano kilo nawa kare zai kai idan ya girma: a raba nauyi da yawan makonni, a ninka sau 52. Waya ta nuna mini 15.6. Gabana ya faɗi.

Ba don ado na sayo shi ba. Kunnen Mama ya yi nauyi, sai a yi ta buga ƙofa ba ta ji ba, ga shi ita kaɗai take wuni a gidan. Shi ya sa na nemi irin Lhasa. Asalinsu Tibet ne, can ma aikinsu ke nan, su zauna daga ciki su yi haushi idan sun ji motsin baƙo, kuma babbansu ba ya cika wuce kilo 6 zuwa 8. Wannan Mama za ta iya da shi. Amma kare mai kilo 15 da ciwon gwiwar nan tata? Tsalle ɗaya zai yi mata ta kai ƙasa. Abin da na kwana ina juyawa ke nan, in an haɗa mini da karen gida ne, yaya zan yi da shi bayan ta riga ta saba.

Da safe na naɗe shi a tsohon tawul saboda sanyi, muka hau Keke zuwa wurin likitan dabbobi. Ina zama na fara zuba mata lissafina, har da nuna mata dagin gabansa da nake gani ya cika faɗi. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Malama, kafin mu yi maganar kilo, bari mu tambayi bakinsa."

Ta ɗaga leɓensa da babban yatsa ta ce in matso. Haƙoran gaba biyu na sama sun fi sauran faɗi da kauri, kusa da su akwai gurbi ja inda ɗaya ya faɗi, fiƙoƙin kuwa har yanzu sirara ne kamar allura. Ashe Auduga famfara yake yi! Ta ce kwikwiyo yana da haƙora 28 na yarinta, babban kare 42, kuma na gaba ne ke fara sauyawa, wajen wata uku zuwa huɗu, fiƙa sai wajen wata biyar zuwa shida. A ganinta ya kai wata huɗu ko dab da haka. Mako 10 dai, ta ce, ba ta yarda ba.

A nan lissafina ya rushe, kuma na ji daɗin rushewarsa. Ta yi mini bayani cewa ninka 52 ɗin nan yana ɗauka kamar kare zai yi ta girma bai-ɗaya har shekara, alhali ƙananan karnuka da wuri suke gamawa. Guringuntsin da ke ƙarshen ƙasusuwansu yana rufewa wajen wata takwas zuwa shekara, manyan iri kuwa sukan kai shekara ɗaya da rabi ko biyu suna miƙewa. Ƙaramin kare a wata huɗu ya riga ya kai rabin nauyinsa ko ma ya ɗan wuce. Don haka kilo 3 a yau, a sa ran 6, in ya yi yawa 7. Dagin da ya tsorata ni ta matse shi a hannunta, sai ga shi rabinsa gashi ne. Ta ce da na ga uwarsa da ubansa, da ya fi duk wannan lissafi, kuma gaskiyarta, ban nemi ganinsu ba ranar da na biya kuɗi. Wannan ya tsaya mini a rai.

Abin da ya ɗan sosa mini zuciya shi ne tumbinsa. Ni ina ganin ƙiba ce, ita kuma ta sa na shafa haƙarƙarinsa, na ji ƙasusuwan a fili ƙarƙashin gashi. Tsutsar ciki ce ta kumbura shi. Ta ba shi magani, ta kuma yi masa allurar rigakafin haukan kare tunda ya wuce wata uku. Na ji kunya a raina, ga cibiyar Vom nan kusa da mu inda ake yin irin wannan allura, amma na bar shi yana wasa da jikokin Mama makonni biyu ba tare da ita ba. Abinci kuma ta ce sau uku a rana, kaɗan-kaɗan.

Da muka dawo na tarar da Mama a bakin ƙofa tana jira. Na ɗaga murya na ce, "Mama, likita ta ce ba zai wuce babban zakara biyu ba." Ta yi dariya ta ce ita dama ba ta ga abin tsoro a jikinsa ba. Na rubuta kilo 3 a kalandar ɗakinta, muka yi da ƙanena zai riƙa auna shi duk Asabar.

Dab da magariba mai kawo ruwa ya taɓa ƙofa. Auduga ya miƙe daga kan tawul ɗinsa ya yi haushi sau uku da 'yar muryarsa, Mama ta juyo ta ce, "Wa ke nan?"