Ranar da asibiti ya rubuto mini cewa an sace bayanaina

Wasiƙar ta kwana biyu a kan tebur ban buɗe ba, don na ɗauka takardar neman kuɗi ce. Da na buɗe sai na tarar asibitin da nake zuwa a nan Amurka ne ke sanar da ni cewa masu kutse sun shiga kwamfutocinsa sun kwashi bayanan marasa lafiya, har da nawa: suna, ranar haihuwa, lambar inshora, lambar Social Security da gwamnati ke shaida mutum da ita, da tarihin jinya. A kan na ƙarshen nan idona ya tsaya. Cikin fayil ɗin akwai ɓarin cikin da na yi, wanda ko mahaifiyata ban gaya wa ba. Katin banki in an sace sai a soke a ba da wani, amma abin da likita ya rubuta a kanki ba ya sokuwa.

Na kira yayata, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ina kuka. Na ce, "Yaya, wallahi kotu zan kai su." Ta ce, "Auta, share hawayenki ki ɗauko biro. Duba ranar da suka ce sun gano abin, ki duba ranar da suka rubuta wasiƙar, ki ƙirga."

Kwana 58 na samu. Dokar HIPAA ta 1996 mai kare sirrin bayanan lafiya, da ƙarin da aka yi mata a 2009, ta wajabta wa asibiti ya sanar da mai bayanan ba tare da jan ƙafa ba, kuma komai daɗewa kada ya wuce kwana 60 daga ranar da ya gano. Dole wasiƙar ta faɗi abin da ya faru, irin bayanan da suka fita, da matakan da mutum zai ɗauka ya kare kansa. In abin ya shafi mutum 500 zuwa sama, Ma'aikatar Lafiya ta ƙasa na sa sunan asibitin a shafinta na intanet kowa ya gani. Na duba, na kuwa gan shi.

Abin da ya sanyaya mini gwiwa shi ne batun kotun. HIPAA ba ta ba mutum damar shigar da ƙara da kansa ba. Abin da ta ba ni shi ne in kai koke ofishin kare haƙƙin jama'a na ma'aikatar, wanda ake kira OCR, cikin kwana 180 daga sanda na san abin. Na kai. Sai dai ko an ci asibiti tara, gwamnati ke karɓa, ba ni ba. Mai neman diyya ta dokar jiharsa yake bi, yawanci a kan zargin sakaci, kuma a taron dangi ake yi: ƙara guda a madadin dubbai. Nan ma da sharaɗi, don a 2021 Kotun Ƙoli ta ce a kotun tarayya sai mutum ya nuna cutarwar da ta same shi a zahiri. Kuɗin ma ba kamar yadda ake jin su a labarai ba ne. Kutsen da aka yi wa kamfanin inshora na Anthem a 2015 ya shafi mutum kusan miliyan 79, aka sasanta a kan dala miliyan 115. In aka raba daidai, kowa bai kai dala biyu ba. Wanda ya riƙe rasit da shaidar asara shi ke fita da abin kirki.

A daren da na buɗe wasiƙar na kulle rajistar bashina a Equifax, Experian da TransUnion, kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, don kada wani ya ci bashi da sunana. Kullewar kyauta ce tun 2018. Na kuma karɓi sa ido a kan rajistar da asibitin ya yi tayi, bayan na karanta sharuɗɗansa ƙwaƙƙwaran karatu.

Wata uku bayan haka takardar inshora ta zo, irin wadda suke lissafa abin da suka biya. Layi na huɗu: gwajin jini da hoton ƙirji, a garin da ban taɓa takawa ba. Wata ta yi jinya da sunana. Kuɗin bai tayar mini da hankali ba kamar tunanin cewa rukunin jininta ko maganin da jikinta ba ya so zai gauraya da nawa, ranar da za a kawo ni ban san inda kaina yake ba.

A nan na yi kuskure. Waya na buga, wata ta saurare ni da ladabi ta ce za a gyara, ban rubuta sunanta ba, ban rubuta ranar ba. Bayan sati uku na sake kira, babu wanda ya san zancen. Daga ranar ban ƙara neman komai da baki ba. Na rubuta wa jami'in kare sirri na asibitin ina neman kwafin fayil ɗina, wanda doka ta ba su kwana 30 su bayar. Na bi shi shafi-shafi da jan biro. Na nemi gyara a rubuce, suna da kwana 60 su amsa, in sun ƙi kuma ina da haƙƙin rubuta rashin amincewata a maƙala a fayil ɗin. Na kuma nemi lissafin waɗanda aka miƙa wa bayanaina cikin shekara shida. Wannan bai haɗa da abin da aka bayar don jinya ko biyan kuɗi ba, amma fitar da ba ta bisa ƙa'ida tana ciki.

An cire gwajin daga lissafin inshorata. Makon jiya kuma ɗan kati ya zo, sanarwar ƙarar taron dangi, da ranar rufewa. In na zauna a ciki, na yafe shigar da tawa ƙarar. In na fita, sai na ɗauki lauya da aljihuna. Na sa katin a jakar takardun, tare da rasit na kowace wasiƙa da na aika da lissafin awannin da na ɓata. Ranar Litinin zan kai wa lauya ita, Yaya ta ce za ta raka ni.