Ashe ƙofar baya ce ta toshe

Da damina aka ba ni riƙon ɗakin emajensi na asibitinmu, daidai lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara. Layi ɗaya na tarar, daga tagar kati har baranda, wanda ya riga zuwa shi ake fara gani. Wata safiya na hango wata uwa a ƙarshen benci ta lulluɓe ɗanta da mayafi. Ina ɗaga mayafin sai ga yaro yana jijjiga, idanu sun kafe.

"Baiwar Allah, tun yaushe?"

"Sista, ai na ga akwai mutane a gabana."

A ranar na sa aka fito da tebur bakin ƙofa. Muka ɗauki tsarin tantance marasa lafiya na Afirka ta Kudu, mai raba su da launi: ja a gani nan take, ruwan lemo cikin minti 10, rawaya cikin awa 1, kore yana iya jiran awa 4. Nas guda ba ta da wani aiki sai awon numfashi, bugun zuciya, hawan jini da zafin jiki, tun kafin a yi zancen kati. Mun sha baƙar magana, musamman daga masu zuwa da "wane ne ya turo ni". Dattijo kuwa sai ka rusuna ka ce, "Baba, yi haƙuri, numfashin yaron nan ne ke sarƙewa."

Na zaci an gama. Ina! Masu tsanani sun daina jira, amma cunkoso ko gezau. Sai da na bi sawun gadajenmu ɗaya bayan ɗaya na gane inda gizo ke saƙar. Wanda likita ya ce a kwantar sai ya kwana biyu a wurinmu don babu gado a ɗakin kwanciya, alhali can akwai wanda ya warware tun jiya, takardar sallama kawai yake jira, ko ɗan'uwan da zai zo daga ƙauye ya biya kuɗi.

Muka roƙi likitoci su riƙa fara zagayen safe da waɗanda za a sallama, a haɗa musu magani tun dare. Ƙarfe 10 na safe nakan bi ɗakuna da littafi ina ƙirga gadajen da babu kowa a kai, har sistocin can suka laƙaba mini mai karɓar haraji. Daga nan aka daina ƙara wa mutane ruwa a kan tabarma.

Dokar mai jinya ɗaya ga kowane gado ce har yau ta gagare ni. Da an yi la'asar, baranda ta cika da 'yan dubiya da kulolin abinci.