Wata uku da littafin gyara

'Yan uwa masu koyon aikin gyaran rubutu, yau wata uku ke nan da na sayi ɗan littafi a kasuwar Taminus, na ware shi don kurakuran da nake tsinta a rubutu da hirar mutane. Shafi 11 sun cika.

Fiye da rabi duk matsalar ƙugiya ce. Katin biki na gani an buga "muna maraba da baki", alhali baƙi ake nufi. Haka kafa da ƙafa, fada da faɗa. Sai raba kalma: mutum ya rubuta "ka bashi", ya mayar da kyauta ta zama bashi. Waɗannan yanzu idona yana kama su tun daga nesa.

Inda na yi tuntuɓe shi ne "akan". Wani dattijo a masallacinmu na Unguwar Rogo ya ba ni takardar sanarwa in duba masa. Na ga ya rubuta "akan rufe ƙofa bayan Isha'i", nan take na sa biro na raba ta biyu. Ya karɓa, ya gyara zaman tabarau, ya ce, "Ɗana, a kan me aka ɗora rufewar?" Na yi shiru. "A kan tebur" ne ake rabawa, amma "akan yi", wato abin da aka saba, a haɗe take. Na ce, "Baba, a gafarce ni, naku ne daidai." Abin ya tsaya mini a rai kwana biyu, domin na ɓata rubutun da ba shi da aibi. Tun ranar na ƙara layi a kowane shafi: ina hujjata?

Layin nan ya yi mini rana a teburin mai shayi, wani dare da sanyin Jos ya matsa. Wani matashi ya dage cewa sunan Kannywood kwaikwayon Nollywood ne. Da ma na bincika: mujallar Tauraruwa ta Kano ta yi amfani da Kannywood tun 1999, Nollywood kuwa sai 2002 ta fito a jaridar New York Times ta Amurka. Ban ce masa ya yi ƙarya ba, shekarun kawai na jera masa, ya ƙirga da kansa.

Haka zancen cewa 5G ce ta kawo korona, wanda har yau wasu ke maimaitawa. An tabbatar da cutar a Legas a Fabrairun 2020, kamfanonin waya kuwa ba su fara sayar da 5G a Nijeriya ba sai 2022.

Abin da ke gabana a makon nan shi ne megabit da megabait, ma'aunan data. Megabit takwas ke yin megabait ɗaya, kuma masu sharhin waya suna cakuɗa su idan suna maganar saurin intanet. Na riga na rubuta misali uku, ina neman na huɗu.