Tuffar Kashmir da hanyar da aka toshe mata

Duk wanda ya taɓa sayar da kayan gwari ko kayan marmari ya san hanya ita ce rabin jari. A kasuwar 'Yan Lemo ta Kano na tashi, mahaifina dillalin lemo da ayaba ne, kuma tun ina yaro na san yadda fuskar mai kaya ke sauyawa idan aka ce motarsa ta maƙale a hanya. Shi ya sa idan aka ambaci Kashmir a rediyo, yayin da hankalin mutane ke tafiya kan sojoji da makaman nukiliyar Indiya da Pakistan, ni nawa hankalin yana wurin manomin tuffa na garin Sopore ko Shopian, wanda ya yi shekara guda yana wahala, ya loda kaya, sannan ya zauna yana jiran ko dutse zai bar motarsa ta wuce.

Abin da ake kira Kashmir yanki ne mai faɗin kusan murabba'in kilomita 222,000, kuma mutanensa ba iri ɗaya ba ne. A kudu akwai Jammu, ƙasar ƙananan tuddai mai zafi, inda mabiya addinin Hindu suka fi yawa. A gabas akwai Ladakh, hamada ce amma ta sanyi, a can saman duwatsu. Yankin Leh na mabiya Buddha ne galibi, Kargil kuma na Musulmi 'yan Shi'a. A arewa akwai Gilgit da Baltistan, inda dutsen K2 mai tsayin mita 8,611 yake, wanda Everest kaɗai ya fi shi a duniya, da Nanga Parbat mai mita 8,126. A yamma akwai wani siririn yanki mai hedikwata a Muzaffarabad, wanda Pakistan ke kira Azad Kashmir. Can gabas mai nisa akwai Aksai Chin, fako ne da kusan ba kowa a cikinsa, yana hannun Sin. Indiya ce ke riƙe da kaso mafi girma, ƙasa da rabi kaɗan, Pakistan na da kamar kashi ɗaya cikin uku, saura na Sin. Sarautar gidan Dogra ce ta haɗa waɗannan wurare a ƙarƙashin tuta guda. A 1846 Turawan Ingila suka sayar wa Gulab Singh, sarkin Jammu na gidan Dogra, kwarin Kashmir a kan rufi miliyan bakwai da rabi, da ƙasar da mutanen cikinta, ba tare da an tambayi ko mutum ɗaya daga cikinsu ba.

Kwarin shi ne zuciyar lamarin. Tsawonsa kamar kilomita 135 ne, faɗinsa kamar 32, yana kwance kusan mita 1,600 sama da teku, duwatsun Pir Panjal sun tare shi ta kudu da yamma, Himalaya ta arewa da gabas. A ƙidayar 2011 mutanensa sun kusa miliyan bakwai, fiye da kashi 95 cikin 100 Musulmi. Shinkafa ce abincinsu. Da hunturu suna da kwana arba'in na tsananin sanyi da ke farawa ranar 21 ga Disamba, suna kiransu Chillai Kalan. Lokacin nan mutum kan saka doguwar riga mai kauri da ake ce wa feran, ya cusa ɗan kaskon garwashi da aka saƙa wa kwando a ƙarƙashinta, ya rungume shi a ciki duk inda za shi. Kangiri suke kiran kaskon.

Ku dubi kogin Jhelum, domin a nan maganata take. Yana ɓuɓɓugowa daga Verinag a kudancin kwarin, ya ratsa birnin Srinagar, ya shiga tafkin Wular, sannan ya fita ta wata ƙofar dutse a Baramulla ya nufi yamma, ya bi ta Uri da Muzaffarabad ya gangara Punjab ta Pakistan. Wannan ƙofa ce kaɗai mafitar kwarin da ba ta buƙatar hawa ƙoƙuwar dutse. Ta nan aka shimfiɗa hanyar keken doki da aka kammala wajen 1890, daga Srinagar zuwa Rawalpindi, hanyar da ake bi rani da hunturu. Ta kogin ake turo gumagumai zuwa kasuwannin Punjab, ta hanyar ake fitar da 'ya'yan itace da darduma, ta nan kuma gishiri da kananzir ke shigowa.

Sai 1947 ta zo. Sarki Hari Singh, ɗan Hindu mai mulkin ƙasar da mafi yawanta Musulmi ne, ya yi ta jan ƙafa kan wace ƙasa zai bi. Mayaƙan ƙabilu suka kutso daga ɓangaren Pakistan, shi kuma ya sa hannu a takardar shiga Indiya ranar 26 ga Oktoba. Aka yi yaƙi har zuwa 1 ga Janairun 1949, aka tsagaita wuta, kowa ya tsaya inda sojojinsa suka kai. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi ƙudurin a yi ƙuri'ar raba gardama tun 1948, har yau ba a yi ba. Layin tsagaita wutar, mai tsawon kusan kilomita 740, ya datse hanyar Jhelum a kusa da Uri. Ruwa ya ci gaba da wucewa abinsa, mota kuwa ta tsaya.

Tun daga nan kayan kwarin suka koma bin kudu, ta kan Pir Panjal zuwa Jammu. A 1956 aka buɗe ramin Jawahar da aka fasa ƙarƙashin dutsen Banihal, tsawonsa bai kai kilomita uku ba. An ƙara wasu daga baya, ɗaya mai kusan kilomita tara a 2017, wani a 2021, kuma sun rage nisa ƙwarai. Amma tsakanin Ramban da Banihal dutsen ruɓaɓɓe ne. Ruwa kaɗan ya sauka, sai ƙasa ta zaftaro ta rufe kwalta. Akwai wata hanyar ta Shopian da ake kira hanyar Mughal, ita kuma dusar ƙanƙara ke rufe ta duk hunturu.

A kan wannan hanya ɗaya ta Banihal tattalin arzikin miliyoyin mutane ya rataya. Kashmir ce ke noma kusan kashi uku cikin huɗu na tuffar Indiya, wajen tan miliyan biyu a shekara mai albarka. Kasuwar 'ya'yan itace ta Sopore tana cikin mafi girma a nahiyar Asiya. Kaka tana kamawa daga Agusta zuwa Nuwamba, kuma a watannin nan manyan motoci ke jerin gwano zuwa Delhi. Bayan mai gona akwai masu tsinka, masu haɗa akwatuna, 'yan dako, direbobi, dillalai masu jiran la'ada, da mai shayin bakin kasuwa. A ƙarshen Agustan 2025 ruwan sama mai ƙarfi ya yanke hanyar, motoci maƙare da tuffa suka yi makonni a tsaye, kaya suka ruɓe a cikinsu, aka riƙa zubar da su a gefen titi. Ɗan kasuwar da ya taɓa lodin tumatir daga Kwanar Gafan zuwa Legas, aka rufe hanya ya ga ruwan kayansa na ɗiga ta ƙarƙashin mota, ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan. Yawancin manoman nan sun riga sun ci bashin dillali tun kafin itace ya yi fure, kuma bashin ba ya ruɓewa tare da kayan.

Gaskiya ne a Yunin 2025 jirgin ƙasa ya haɗa kwarin da sauran Indiya, ta kan gadar kogin Chenab da ke sama da ruwa da mita 359, wadda babu gadar jirgi mai tsayinta a duniya. Aiki ne babba, kuma an fara ɗaukar tuffa a jirgin. Sai dai tan miliyan biyu ba abin da 'yan taragai za su kwashe a wata uku ba ne.

Ba dutse kaɗai ke rufe wa manomi hanya ba. Ranar 5 ga Agustan 2019 gwamnatin Indiya ta soke sashe na 370 na tsarin mulki wanda ya ba yankin 'yancin cin gashin kai, ta raba shi biyu, ta yanke waya da intanet. Daidai farkon kakar tuffa ke nan. Manomin da ya saba kiran dillali a Delhi ya ji farashi kafin ya loda ya koma sayarwa a makance, 'yan bindiga kuma suka kashe wasu direbobi da 'yan kasuwa a wannan kakar. Intanet mai sauri bai dawo ba sai Fabrairun 2021.

Ruwa kuma nasa labarin ya fi na hanya nauyi, don shi ne abin da ya sa babu ƙasar da za ta saki. Kogin Indus da Jhelum da Chenab duk ta Kashmir suke bi kafin su isa Pakistan, inda kusan kashi 80 cikin 100 na noman ban ruwa ya dogara da Indus da rassansa. A 1960 Bankin Duniya ya shiga tsakani, Nehru na Indiya da Ayub Khan na Pakistan suka sa hannu a Karachi: Ravi da Beas da Sutlej na Indiya, waɗancan ukun kuma na Pakistan, amma Indiya na iya samar da lantarki da su ba tare da tare ruwa mai yawa ba. Yarjejeniyar ta tsallake yaƙin 1965 da na 1971 da na Kargil a 1999. A Afrilun 2025, bayan an kashe mutum 26 a Pahalgam da ke ɓangaren Indiya na Kashmir, yawancinsu 'yan yawon buɗe ido, Indiya ta ce ta dakatar da ita.

Abin da ke ci mini rai shi ne, ta kowane ɓangare mutanen da ruwan ke bi ta ƙofar gidansu su ne na ƙarshe a cin moriyarsa. Madatsar Mangla da Pakistan ta kammala a 1967 ta haɗiye tsohon garin Mirpur na Azad Kashmir, ta tashi mutane kimanin 100,000. Da yawansu suka tafi Ingila, shi ya sa yau in ka bi asalin 'yan Pakistan na Bradford da Birmingham za ka tarar da yawa 'yan Mirpur ne, kuma kuɗin da suke aikowa ne ke gina benayen sabon garin. A Mayun 2024 mutanen wannan yanki suka fito zanga-zanga kan tsadar wuta da garin alkama, suna cewa su ke da madatsa amma su ke biyan kuɗi mai tsada. A ɓangaren Indiya ma akwai madatsun Salal da Baglihar da Kishanganga, amma da hunturu, lokacin da ruwa ya ja baya, gidajen Srinagar kan yi sa'o'i ba wuta cikin tsananin sanyi.

Akwai sauran arziki. A tudun Pampore ake noman za'afaran. Fure ne mai launin shunayya da ke buɗewa 'yan makonni a ƙarshen Oktoba, kowane fure sili uku kacal yake bayarwa, sai an tsinki kimanin fure 150,000 da hannu kafin a haɗa kilo guda. Noman ya ragu sosai tun ƙarshen shekarun 1990 saboda ƙarancin ruwa da gine-ginen da ke cin gonaki, ga kuma na Iran mai araha, ƙasar da ke noma kusan kashi 90 cikin 100 na duniya. Mayafin fashmina kuwa daga akuya yake farawa: makiyayan Changpa na Ladakh ke kiwonta sama da mita 4,000, da bazara su taje laushin gashin da ke ƙarƙashin na sama, mata a Srinagar su kaɗa shi, maza su saƙa. Wuraren kiwon nasu suna bakin iyakar Sin, kuma tun arangamar sojojin Indiya da na Sin a kwarin Galwan a 2020 makiyaya ke kukan an hana su shiga wasunsu. Yawon buɗe ido kuma mu ma mun san shi ta wata fuskar: tafkin Dal da kwale-kwalensa masu rumfa, da farin dutsen da jarumai ke rawa a kai a tsofaffin finafinan Indiya da iyayenmu suka kalla a silima, sau da yawa Kashmir ce. Harbi ɗaya ya isa ya kwashe baƙi daga otal-otal na tsawon kaka guda.

An taɓa gwada buɗe tsohuwar hanyar. A Afrilun 2005 motar safa ta fara zirga-zirga tsakanin Srinagar da Muzaffarabad, tafiyar kamar kilomita 170, 'yan uwan da suka rabu tun 1947 suka ga juna. A Oktoban 2008 aka yarda manyan motoci su riƙa tsallakawa ta Uri da ta Poonch, da kaya iri 21 kawai. Babu banki a tsakani, don haka cinikin ba ni gishiri in ba ka manda aka riƙa yi, a kai kaya a karɓo kaya. Duk da wannan ƙunci, direbobi da 'yan dako da ƙananan 'yan kasuwar garuruwan bakin layin sun ci abinci a kai fiye da shekara goma. A Afrilun 2019 Indiya ta dakatar da shi, tana cewa ana fakewa da shi a shigo da makamai da miyagun ƙwayoyi da jabun kuɗi. Ban raina wannan zargi ba, amma maganin fasa ƙwauri shi ne a tsaurara bincike, a sa na'urar da ke duba cikin mota, a buɗe hanyar biyan kuɗi ta banki yadda kowane ciniki zai bar shaida. A shekarun da motocin suka yi suna wucewa, babu ƙasar da ta janye iƙirarinta, babu wadda ta rasa taku ɗaya na ƙasa. Indiya da Pakistan za su iya ci gaba da gardamar mallaka a gaban Majalisar Ɗinkin Duniya ko a teburin sulhu, su bar manomin Sopore ya sami hanya ta biyu da zai fitar da kayansa ranar da dutsen Ramban ya zubo.